Karayar tsofaffi: Ingila na biya da fam, Kano na biya da 'ya'ya mata

Kusan kowane gida a Kano yana da labarin nan: Hajiya ta zame a bakin rijiya ko a banɗaki, ƙugu ya karye, daga nan ba ta ƙara takawa ba, bayan 'yan watanni aka ce ta rasu. A wajen ta'aziyya sai a ce tsufa ne. A Ingila, inda nake aikin kula da tsofaffi, ba a tsayawa a nan. Tambayar farko ita ce me ya sa faɗuwa daga tsaye ta karya ƙashi, tunda lafiyayyen ƙashi ba ya karyewa a haka.

Amsar yawanci zaizayewar ƙashi ce. Ƙashi yana rage kauri a hankali, ba ciwo ba zazzaɓi, musamman ga mace bayan ta daina al'ada. Rankwafewar nan da raguwar tsawo da muke gani a jikin kakanninmu, sau da yawa ƙasusuwan baya ne suka lotsa. Ƙiyasin da aka sani shi ne mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, waɗanda suka haura 50, za su gamu da irin wannan karaya. A Birtaniya mutum fiye da miliyan 3 ke da cutar, ana samun karaya sama da 500,000 a shekara, kuma kuɗin da take ci duk shekara ya haura fam biliyan 4. Shi ya sa suka ɗauke ta da zafi: wanda ƙugunsa ya karye ana ƙoƙarin yi masa tiyata cikin awa 36, washegari a tsayar da shi da ƙafarsa, sannan a auna kaurin ƙashinsa da na'urar DEXA a ɗora shi kan magani.

Kada a ce yabon Turawa nake. Na ga tsohuwa an gyara mata ƙugu tsaf, ta koma gidan da babu mai ce mata sannu. Mu kam ba ma haka, Alhamdulillahi.

Amma kulawar tamu wa ke biyan ta? Muna da Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959, sai dai da an ji kuɗin tiyata, sai wani a dangi ya ce, "Yaya, a kira mai ɗori mana, Inna ba za ta jure wuƙa ba." Mai ɗori ya iya hannu da ƙauri, ban raina shi ba, amma ƙugu a can ciki yake, kara da tsumma ba sa kai masa. Sai a kwantar da Inna a ɗaki. 'Yarta ta rufe shagon ɗinki, suruka ta bar sana'ar ƙosai, jika ta daina zuwa Islamiyya don juya kaka da wanke zane. Ga gyambon kwanciya, ga ciwon ƙirji. Wannan asara ba ta shiga kasafin kowace gwamnati, shi ya sa muke ganin kamar matsalar ta Turai ce.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne muna da abin da su Turawa suke saye. Nan Ingila daga Oktoba zuwa Maris ana ba kowa shawarar shan bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata kuma jiki ke samu daga hasken rana, saboda ƙarancin rana. Mu ga rana har ta yi yawa, amma tsohuwa na wuni a ƙuryar ɗaki. Nono da kindirmo da kuka da zogale duk suna da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, mun musanya su da lemon kwalba. Ga kuma 'yan mata masu shan "sha ka fashe" don ƙiba, alhali wasu ƙwayoyin da ake haɗawa a ciki suna cinye ƙashi in aka daɗe a kansu. Waɗannan tun suna da shekara 25 suka fara cin bashin da za a biyo su a 60, kuma har yau ana sayar musu a kemis ba takardar likita.