Mai bes, ka taka fedarka

Tun daren Asabar nake haɗiye maganar nan, yau dai ta ƙi wucewa. Waɗanda suka je dinar nan ta Sabon Garin Zariya sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuma bidiyon ya iske su a guruf, don haka ba sai na maimaita ba. Abin da aka yi wa yaron nan mai kaɗa bes, wato jitar nan mai zurfin sauti, zalunci ne. Ana tsakar gwajin sauti, ga mawaƙa, ga masu jera kujeru, babban mutum ya ɗauki makirfo ya ce, "Kai mai bes, kwashe mana wannan tarkacen, ba wasan yara muka zo ba." Aka sheƙe da dariya. Yaro ya durƙusa ya zare kebul, ya naɗe fedarsa, ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa don sauya sautin kiɗa, a tsohuwar riga, ya cusa a jaka, uffan bai ce ba. Ina tsaye kusa da mikisa, na ga yadda hannunsa ke rawa wajen jan zif.

A wannan daren, gaban mai jita feda biyar ne jere a kan katako, fitilunsu na ƙyalli, ba wanda ya ce masa kanzil. Mai fiyano yana latsa maɓalli ya fito da algaita, ya sake latsawa ya fito da kalangu, ana tafa masa. Muryar mawaƙiya ma sai da aka zuba mata amsa-kuwa kafin ta yarda ta rera baiti ɗaya. Mai bes ya zo da ƙwaya ɗaya tak, ɗan ƙaramin Zoom na hannu da ya yi wata da watanni yana tara kuɗinsa, shi ne ya zama mai iyayi. Wace doka ce wannan? Wa ya kafa ta?

Ranar Lahadi na gamu da shi a Kwangila yana jiran mota zuwa Samaru. Na ce masa me ya sa ka cire? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ƙila gaskiyarsu ce, ni ma dama kunya nake ji in na fito da ita." Wannan kalmar ce ta hana ni barci. Kunya. Kafin Oga ya buɗe baki, yaron ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Na san masu bes a Wusasa, a Tudun Wada, a Hanwa, da suke da feda a ɗaki, su toshe kunne su yi ta kiɗa da ita har tsakar dare, amma ranar aiki su bar ta a ƙarƙashin gado. Akwai wanda yake ɓoye tasa a bayan amfilifaya don kada a gani. Akwai wanda yake kunnawa amma ya rage ta har ta zama da ita da babu duk ɗaya.

Ni ma na yi wannan zaman. Shekara uku fedata Boss ODB-3, ruwan ɗorawar nan, tana cikin jaka tana zuwa wurin aiki tana komawa gida ba ta taɓa ƙasa ba, saboda wani dattijo da nake ganin girmansa ya taɓa ce mini mai bes na ƙwarai kebul ɗaya ya ishe shi. Shekara uku na yi asararsu, kuma har yau ina jin zafinsu.

Feda kayan aiki ce. Kayan aiki, kamar yadda almakashi yake a hannun tela. Bari in faɗa muku aikin da take yi, tunda masu dariyar ba su taɓa tambaya ba.

Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa guda. Ta jita sau 82, wato ninki biyu. Mai tsirkiya biyar ma yana sauka har wajen 31. Wannan zurfin, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da shi, balle ta wayar hannu. To ku gaya mini, bikin da muka yi wa kiɗa, ina mutane suke kallonsa washegari? A waya. A sitatus. Ƙawayen amarya su ɗauka, su ɗora, dangi na Kano da Legas su kalla. Ku je ku saurari bidiyon Asabar ɗin nan da kyau: ga murya, ga fiyano, ga jita, ga ƙarar faranti, bes kuwa ya ɓace ɓat kamar bai zo ba. Awa huɗu yaro yana tsaye yana gumi. Da an bar shi ya sa ɗan kaushin nan da feda ke ƙara wa sauti, da sautinsa ya haifi 'ya'ya a sama, waɗanda ƙaramar lasifika ke iya ɗauka, kunne kuma ya cike sauran da kansa. Dabara ce da duk mai haɗa sauti a situdiyo ya sani.

Sannan ku dubi ɗakunan taron da muke aiki a cikinsu. Ƙasa tayil, bango siminti, sama kwano ko silin roba, lasifikun haya da ba ka san halinsu ba sai ka jona. Ka taɓa wata tsirkiya ɗaki ya ɗauki ruri kamar hadari, ka taɓa ta kusa da ita a rasa ta. Fedar da ake kira kwamfiresa ita ke danne mai ƙarfi ta ɗago mai rauni, har mai ganga ya sami abin da zai jingina da shi. Ga kuma hannun hagun mai fiyano da kullum yake shigowa gonar mai bes ya zauna daram. In ba ka da abin da za ka ɗan sauya launin sautinka, sai ku cakuɗe ku zama kunu. Ko abin saita tsirkiya ma ai feda ce, wadda ke kashe sauti ka gyara abinka shiru ba ka dami jama'a ba. Ita ma tarkace ce?

Za su ce ai bes harsashi ne, harsashi ba ya son ado. Na ji. Na gaji da ji. Za su ce sauti a yatsu yake. Wa ya musa? Wa ya ce akwatin ƙarfe zai koya wa mutum riƙe lokaci? Wanda bai iya ba, ko feda goma ka jera masa bai iya ba. Maganar wanda ya iya ake yi, kuma yaron nan ya iya, duk wanda ya ji shi ya san haka.

Masu cewa asalin bes ba a san shi da wannan ba, rashin sani ya fi dare duhu. Shi kansa bes na lantarkin da kuke riƙe da shi, sai a 1951 Leo Fender ya fito da irinsa da ya karɓu a kasuwa a Amurka, kafin nan ƙaton goge ne na katako da ake tsayawa a bayansa. Kaushin nan da masu jita suke tinƙaho da shi kuwa, a kan bes ya yi suna. A birnin Nashbil na Amurka ne, wajen ɗaukar wata waƙar Marty Robbins da ta fito a 1961, wani layin na'urar ɗaukar sauti ya lalace, bes mai tsirkiya shida na Grady Martin ya fito da ƙara mai kaushi. Ba su goge ba, suka bar shi, waƙa ta karɓu. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, ya zauna ya ƙera abin da zai riƙa ba da wannan sautin da gangan, a 1962 kamfanin Gibson ya fara sayar da shi. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sa kaushi a bes ɗinsa a 1965. Larry Graham, wanda ya kawo salon marin tsirkiya da babban yatsa da kowane yaro a Zariya yake kwaikwayo yau, da feda yake aiki. Bootsy Collins, wanda ya zo Najeriya tare da James Brown a 1970 har ya je ya kalli Fela a Legas, daga baya da fedar Mu-Tron aka san shi, wannan sautin mai kama da ana magana a cikin ruwa. Waɗannan duk wasan yara suka yi?

Ku bar ma Turawa da Amurkawa. Mu dawo gida. Mai kalangu yana matse shi a hammata ya saki, murya ta hau ta sauka har ta kira sunan mutum, da haka makaɗan Shata suka riƙe shi shekara da shekaru. Maigaraya yana maƙala ƙarfe mai zobba a kan sandar don kowane bugu ya zo da ƙaraurawa. Ganga ana ɗaura mata igiya a kan fata don ta riƙa zuza. Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya a kan gwangwani ya zaga duniya, kuma ba wanda ya ce sautin kuntiginsa ba shi da tsabta. Kunnen Bahaushe tun asali yana son kiɗa da ɗan kaushi da ɗan yaji. Yaushe muka koma cewa sai sauti sumul shi ne na manya?

Eh, akwai yaran da ke murɗa komai har ƙarshe, gindin kiɗa ya zube, a bar mai ganga shi kaɗai a fili. Yana faruwa, don kaushi in ya yi yawa yana cinye zurfin. Maganinsa minti biyu ne a wurin gwaji: ka ja shi gefe, ka nuna masa maɓallin da ke gauraya sautin asali da na feda, ka ce ƙanena rage nan, ƙara nan, taka ta a amshi kaɗai. Shi ke nan. Girma ke nan. Ba a koyar da yaro ta makirfo.

Ku kuma 'yan'uwana masu bes, ku daina neman gafara a kan kuɗinku da guminku. Ka fito da fedarka ka ajiye ta a gaba inda kowa zai gani. Ka daidaita ta tun a gida yadda in ka taka ƙara ba za ta yi tsalle ba, in ka ɗaga ba za ta faɗi ba. Ka gaya wa mai ganga waƙar da za ka sa ta, don kada ta zo masa ba zato. In lokacin ya yi, ka taka. Kar ka kalli fuskar kowa. Ƙanena na Samaru, na san za ka karanta wannan: ranar Juma'a da yamma muna gwaji a inda ka sani, ka zo da ita, a naɗe a rigar ko ba a naɗe ba, ni zan jona maka da hannuna.

Af, tunda ana maganar jonawa. Don Allah ku daina sayen adaftar nan ta rediyo a bakin titi kuna cusa wa feda. Yawancin fedoji wuta bolt 9 suke ci, kuma irin na Boss tsakiyar bakinsu ɓangaren ragi ne, da yawa daga adaftocin kasuwa kuwa akasin haka suke. Ka jona a juye, in ka yi sa'a ta ƙi kamawa, in ba ka yi ba ka ji ƙauri. Ga kuma gurnanin da suke kawowa in ana kan janareta, wanda daga ƙarshe fedar ake ɗora wa laifinsa. Ni yanzu batir nake riƙewa biyu a aljihun jaka saboda irin wannan rana. Kwamfiresata ta haka ta ƙone bara, wani ya ara ya dawo mini da ita a mace, tana nan a kan durowa. In akwai wanda ya san mai gyaran da ya iya irin wannan ƙaramin aikin a nan Zariya, ko PZ ko Sabon Gari, ya yi mini magana ta akwati, don ba na son in sake aika kaya Kaduna a mota.