Ƙugiya ɗaya tak

Kun dai san tunda tsohon sakataren ƙungiyarmu ya koma Abuja da kwamfutarsa, abin da ya rage mana na jawabin karrama Baba Shugaba PDF ne kawai a WhatsApp. Aka ce a gyara shi kafin taron Asabar a Tudun Wada. Wa za a ba? Ni mana, "ɗan kwamfuta".

Kowane PDF, gwajinsa na farko shi ne ka ja linzami a kan rubutun. In ya haskaka, rubutu ne na gaske. In ya ƙi, hoton takarda ne aka saka masa rigar PDF. Namu gauraye ne: shafukan farko rubutu, na ƙarshe kuwa hoto ne da aka ɗauka da waya, a karkace, har da inuwar babban yatsan wani.

Masu rubutun ba su da wuya. Daga Word 2013 zuwa sama, File za ka shiga, ka danna Open, ka zaɓi fayil ɗin, ya ce zai juya shi, ka ce to. Sai dai PDF bai damu da sakin layi ba, abin da ya riƙe shi ne harafi kaza yana wuri kaza a shafi, saboda haka Word kintace yake yi. Danna Ctrl+Shift+8, za ka ga inda ya datse layuka a tsakiyar jimla, ga lambar shafi ta faɗo cikin magana. Maganinsa Ctrl+H, wurin nemo abu a musanya shi da wani (a can ^p na nufin ƙarshen sakin layi): ka mayar da ^p^p zuwa wata alama kamar @@, ka mayar da ^p zuwa tazara ɗaya, sannan @@ ta koma ^p.

Sai ga "}ungiya", "ha]in kai" da "za~e" sun cika shafi. Sakatare da tsohon salon haruffan Hausa ya buga, irin wanda ake zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbin waɗannan alamomi. Su ma Ctrl+H ne, ɗaya bayan ɗaya, amma ka tabbata babu maki a akwatin Use wildcards, don in akwai, Word zai ɗauki } da ] a matsayin umarni. Duk wannan na yi shi tsaf, a shaide ni.

Shafin hoton kuma na ɗora shi a Google Drive, na buɗe da Google Docs, wanda ke karanta hoto ya fitar da rubutu. Ka'ida ita ce a yi wa takardar sikanin a miƙe, a kan 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton. Takardar tana Abuja. A hoto mai dishi-dishi kuwa, ƙugiyar da ke kan ƙ 'yar mitsitsiya ce, na'ura sai ta ɗauke ta datti ta share. Word kuma ba zai tona ba, tunda duk Hausar ya ja mata jan layi daga sama har ƙasa. Na kai aka buga a Sabon Gari, aka raba wa kowa.

Ɗan Ma'aji aka ba karatu. Yaron nan ɗan makaranta ne na gaske, abin da ya gani shi yake faɗa, ba ragi ba ƙari. Ya zo shafin ƙarshe, ya gyara murya, ya matso da lasifika bakinsa:

"Baba Shugaba shi ne kashin bayan wannan ƙungiya."

Ba ƙashi ba. Kashi. Har da jan "ka" ɗin.

Wuri ya yi tsit. Mai raba lemo ya tsaya da kwali a hannu. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi, amma kafaɗunsa na rawa. Da an yi shiru, wallahi da ta wuce, don rabin mutane hankalinsu na kan shinkafa. Sai Mai Jar Hula ya miƙe daga can kujerar baya.

"Allah ya gafarta Malam, a maimaita mana, mu nan ba mu ji ba."

Ya ji! Shi ya fara toshe baki da hula! Yaro kuwa ya maimaita, a hankali, kalma-kalma. Daga nan kowa ya buɗe nasa kwafin yana bi da yatsa, ana nuna wa na kusa. Ɓangaren mata aka kwashe da dariya.

Baba ya cire tabarau. "Wa ya buga wannan?"

Ban taɓa sanin wuyan mutane na juyawa lokaci guda haka ba. Na tashi na ce, "Ranka ya daɗe, hoton ne bai kai 300 dpi ba." Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, ita difi'ai ɗin 'yar wace unguwa ce? A kira ta ta ba ni haƙuri."

Shi Mai Jar Hula, don Allah ku faɗa mini, yaushe rabonsa da biyan kuɗin wata? Mutumin da in an zo maganar gudummawa sai wayarsa ta yi ƙara ya fita, amma ana sauke kuloli yana layin gaba. Ranar taron ma leda biyu ya fita da su, na gani da idona. Yanzu ko a Kwangila ya hango ni cikin a-daidaita sai ya ɗaga murya, "Injiniya, ya jikin difi'ai?" Har yaran shagonsa sun ɗauka.

Shekaranjiya kuma, ba kunya, ya turo mini takardar filinsa a WhatsApp, wai in mayar masa Word ya gyara sunansa. Hoto ne, ya ɗauka da dare, rabi a duhu. Na ce masa ba wuta a Samaru. Ya ce zai kawo janareto.