Wace Shekara Ce Tattalin Arziki Ya Sauya Tafiya?

Kowace gwamnati takan nuna shekarar da ta hau mulki ta ce daga nan ne arzikin ƙasa ya fara bunƙasa, ni kuwa ina ganin bai kamata a bar wa ɗan siyasa zaɓen wannan shekara ba, tunda masana ƙididdiga suna da hanyoyin zaƙulo ta daga cikin alƙaluman.

Tsohuwar hanyar ita ce ta Gregory Chow, wadda ya fito da ita a 1960: a raba shekarun gida biyu, a auna saurin bunƙasa a kowane ɓangare, sannan a duba ko bambancin ya zarce hawa da saukar da aka saba gani. Rauninta shi ne dole mai bincike ya zo da shekarar a hannunsa, kuma wanda ya leƙa alƙaluman kafin ya zaɓa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. Donald Andrews a 1993, da kuma Jushan Bai da Pierre Perron a 1998, suka magance wannan ta hanyar gwada shekarun ɗaya bayan ɗaya, har hanyar Bai da Perron takan gano sauyi fiye da ɗaya.

Indiya ce ta gamsar da ni. An daɗe ana danganta tashinta ga gyare-gyaren tattalin arziki na 1991, lokacin da Manmohan Singh yake ministan kuɗi, amma da masana tattalin arziki Dani Rodrik da Arvind Subramanian suka bi alƙaluman, sai suka tarar saurin ya ƙaru tun wajen 1980, daga kimanin kashi 3.5 cikin ɗari a shekara zuwa sama da kashi 5. Wannan bai rage darajar gyare-gyaren ba, sai dai ya tilasta a sake neman sanadin, domin gwajin shekara kawai yake nunawa, ba ya faɗin dalili.

Akwai kuma tarkon da ya shafe mu kai tsaye. A 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta mayar da shekarar ma'auni, wato shekarar da ake amfani da farashinta wajen auna tattalin arziki, daga 1990 zuwa 2010, sai ƙimar tattalin arzikin Najeriya ta 2013 ta tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510. Wanda ya haɗa tsofaffin alƙaluma da sababbi ba tare da daidaita su ba, kwamfuta za ta nuna masa gagarumin sauyi, alhali mudun awo ne aka canza, hatsin da ke rumbu yana nan yadda yake.