Ɗan shekara sittin zai iya hawan Kilimanjaro, amma ba cikin kwana biyar ba

Idan dattijon da iyakar hawansa Dutsen Dala ne ko Kufena, ko Jabal Nur lokacin Umara, ya ce yana so ya hau Kilimanjaro, bai kamata 'ya'yansa su yi masa caa a kai ba. Dutsen yana Tanzaniya, tsayinsa mita 5,895, kuma hanyoyin da aka saba bi tafiyar ƙafa ce zalla, ba igiya ba gatarin ƙanƙara. A 2019 wata Ba'amurkiya, Anne Lorimor, ta taka ƙololuwarsa tana da shekara 89. A ganina a bar shi ya je, muddin ya yarda ya sayi isassun kwanaki a kan dutsen.

Ƙarancin iska shi ke mayar da yawancin mutane baya. A can sama, kowace shaƙa tana bai wa jiki kusan rabin oksijin da yake samu a bakin teku. Ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da wannan ƙarancin iska ke jawowa, yakan fara daga wajen mita 2,500, bai san saurayi ba, bai san mai ƙarfi ba, kuma tsufa shi kaɗai ba ya ƙara haɗarinsa. Matsalarmu ita ce ba mu da inda za mu gwada jikinmu a gida: Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, na Nijar a tsaunukan Azbin ma bai kai haka ba. Dattijon nan zai san yadda jikinsa ke karɓar tsayi ne a ranar da ya isa can.

Ƙa'idar likitoci a fili take: da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, kuma a ɗauki yinin hutu bayan kowane kwana uku ko huɗu. Yanzu a dubi hanyar Marangu ta kwana biyar, wadda aka fi tallatawa saboda arha da ɗakunan kwana. Daren farko Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu Horombo, 3,700. Na uku Kibo, 4,700. Dubu ɗaya ke nan kowane dare, ninki biyu na abin da aka yarda da shi, sannan da tsakar daren nan a tashe ka a ce a nufi ƙololuwa. Araha ba ta ado. Wanda ya kwana biyu a duniya ya zaɓi Lemosho ta kwana takwas, inda ake hawa Lava Tower, mita 4,600, da rana, a sauko a kwana Barranco a wajen 3,900. Wannan hawa da saukar shi ke koya wa jiki jure ƙarancin iska.

Kafin a biya kuɗin jirgi, a fara da asibiti. Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko na huhu ya gaya wa likita tsayin da zai je, a yi masa awon zuciya yana motsa jiki, ba yana kwance kawai ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu ƙwarai, kamfanonin yawon buɗe ido kuwa ba kasafai suke tambaya ba: sikila. Mai SS ko SC kada ma ya sa a ransa. Mai AS, wanda bai taɓa jin komai ba a rayuwarsa, jini na iya toshewa a saifarsa a kan tsayi, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa. Maganin da ake sha don rigakafin ciwon tsauni, acetazolamide, yawanci miligiram 125 ne safe da yamma, ana farawa kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, kuma mai ciwon ƙoda ko mai shan wasu magunguna kada ya taɓa shi sai likita ya amince.

Ranar ƙololuwa ce ya kamata a yi wa shiri. A hanyar Lemosho, ana barin zangon Barafu, wajen mita 4,670, da tsakar dare, cikin sanyin da kan kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili. Hawan mita 1,200 ne a kan tsakuwa mai zamewa, fitila a goshi, ruwan sha yana daskarewa in ba a ɓoye gorar cikin riga ba. Bayan an kai, a ranar dai za a gangaro har Mweka, wajen mita 3,100. Awa goma sha biyu zuwa sha biyar ke nan a tsaye, kuma gwiwar dattijo a gangara take nuna gajiyawarta. Saboda haka atisayen wata shida ya haɗa da sauka, ba hawa kaɗai ba: tafiya sau huɗu a mako, jakar kilo biyar a baya, sanduna biyu a hannu, cikin takalmin da za a hau dutsen da shi, har mutum ya iya awa shida yau ya sake yi gobe.

Ciwon kai, tashin zuciya da rashin son abinci alama ce ta a tsaya, kada a ƙara hawa sai sun wuce. Amma in mutum ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa ya kama shi, ruwa ne ya fara taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma yana kisa cikin awoyi. A sauke shi nan take, ko da dare ne, mita 500 zuwa 1,000. Dokar gandun dajin Kilimanjaro ta tilasta tafiya da ja-gora mai lasisi, to dattijo ya yi alkawari tun yana gindin dutse, a gaban wanda ya rako shi, cewa in ja-gora ya ce a juya, ba musu. Wanda girman kai ko kuɗin da ya kashe ba za su bar shi ya ɗauki wannan alkawari ba, shi ne zan ce ya haƙura ya zauna a gida.