Wai wannan ce hanya mafi kyau a Madagaska!

Duk wanda ya ce maka tafiya daga Antananarivo, babban birnin ƙasar, zuwa Ilakaka, garin da ake haƙo dutse mai daraja na safaya, ta yini guda ce, ko dai bai taɓa yin ta ba, ko kuwa ɗan kamasho ne yana hangen aljihunka. Kilomita 700 da ɗoriya ne a kan titin da suke kira RN7, wanda ya miƙe har Toliara a bakin teku, kuma wai shi ne titin da ƙasar ke tinƙaho da shi. To in wannan ne na nuna wa baƙo, Allah Ya ji ƙan masu bin sauran.

Tun daga tasha ake fara cin mutuncinka. Ba ka gama sauko da ƙafa daga tasi ba, ƙarti sun yanyame ka, wannan ya fizge jaka, wancan ya ja hannun riga, kowa na rantsuwa motarsa ce za ta tashi yanzu. Ka biya, a ce ƙarfe 2. Magariba za ta same ka ana ta lodi a saman taksi-burus ɗin, wato motar hayarsu ta dogon zango: buhunan shinkafa, katifu, keke, kwandon kaji, har motar ta durƙusa. Ba ta motsi sai kujera ta ƙarshe ta cika. Ga wata cuta kuma: tun 2005 kuɗinsu na ariari ya maye gurbin tsohon faran, amma har yau wasu da faran suke faɗin farashi, kuma ariari 1 faran 5 ne. Baƙon da bai sani ba sai ya biya ninki biyar, mai karɓa ya lanƙwashe kuɗi ya sa a aljihu ko kunya babu.

Cikin motar kuwa, an jera mu kamar kifin gwangwani, gwiwarka na tokare da bayan kujerar gaba, ɗan wata na barci a cinyarka. Daga Antsirabe zuwa Ambositra har Fianarantsoa kwana ce bayan kwana a kan tsaunuka, masu raunin ciki sai amai a leda. Inda kwalta ta cinye, direba ya koma hannun da ba nasa ba yana kauce wa ramuka, babbar mota na tahowa. Za ka ga yara a bakin hanya da shebur suna cike rami da jar ƙasa, suna miƙo hannu. Yara ke gyaran babban titin ƙasa! Ga shingayen jandarma da 'yan sanda, direba ya sauka da takardu a naɗe, kowa ya san abin da ke ciki. In dare ya yi a yankin Ihosy, sai a tsaya a jira wasu motoci a tafi a kwamba saboda dahalo, ɓarayin shanun da ke tare hanya. Maganar a tsaya ka yi salla kuwa, sai ka yi da gaske, kuma wurin cin abinci dole ka tambayi naman da ke kan shinkafar, don alade ba baƙo ba ne a tukunyarsu.

Wani zai ce ai sai ka ɗauki shatar jif. An ɗauka an gani. Kuɗin mota kullum daban, mai a wuyanka, in ka sauka a can kuma sai ka biya kuɗin komawarta wayam. Bayan duk wannan, ramin da ya jijjiga talaka shi zai jijjiga ka. Jirgin sama zuwa Toliara tsada kamar me, ana iya ɗage tashinsa ba sanarwar kirki, in ka sauka ma da sauran sama da kilomita 200 a mota. Jirgin ƙasan Fianarantsoa da Faransawa suka kammala a 1936 gabas ya nufa, Manakara, kuma kilomita 163 kacal na iya cinye masa yini cur, in ya tashi ke nan.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, tun 1998 ake haƙo safaya a Ilakaka, ana kwasar ta zuwa Siri Lanka da Tailan. Masu yawon buɗe ido da ke zuwa gandun dajin Isalo ma wannan titin suke bi da kuɗinsu. Mu fatake muna biyan biza, muna biyan kuɗin takardun fitar da dutse, ba a taɓa yafe mana ko ariari ɗaya ba. Ina kuɗin suke shiga, da har za a bar wa yara masu shebur aikin ma'aikatar ayyuka?