Tambaya ɗaya ce ba a yi wa 'yata ba a kantin magani

Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake wannan rubutu, raina a ɓace, bayan na shafe makonni ina zirga-zirga tsakanin gida da asibiti da ɗakin gwajin jini saboda 'yata mai shekara 19, wadda hantarta ta taɓu a sanadin neman maganin kyasbi. Kyasbi fa, wanda kowa ya san yadda yake feso wa mutane a wuya da ƙirji da gadon baya idan zafin Maris da Afrilu ya tsananta har ma'auni ya haura 40.

Asalin maganar shi ne yarinyar ta daɗe tana fama da ƙurajen fuska masu zurfi, irin waɗanda ke yin mugunya su bar tabo, har ta kai ba ta son fita cikin tsararrakinta. Da yake likitocin fata ƙalilan ne a arewa, sai na ɗauke ta muka hau mota zuwa Ngaundere, muka kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Can wata likitar fata ta rubuta mata isotiretinoyin, maganin da aka fi sani da Roaccutane, wanda dangin bitamin A ne, aka kuma fara amfani da shi a Amurka tun 1982. Likitar ta yi aikinta yadda ya kamata: ta sa an auna lafiyar hanta da kitsen jini kafin a fara, ta hana ƙarin bitamin A, ta hana maganin nan doksisikilin da danginsa domin haɗuwarsu da shi na iya ƙara matsin ruwa a cikin ƙoƙon kai, ta kuma hana ba da jini. Har gwajin ciki ta nema, abin da ya sosa mini rai da farko, sai da ta bayyana mini cewa maganin yana nakasa jariri a cikin mahaifa kuma ƙa'idar ta shafi kowace mace, sannan na gane kulawa ce.

Wata biyu ana shan magani lafiya, in ban da bushewar leɓe da aka riga aka gaya mana. Da kyasbi ya fito mata sai ta je wani kantin magani a unguwarmu, ta nuna wuyanta, yaron da ke tsaron kantin ya leƙa sau ɗaya, ya jawo katin ƙwayoyi, ya yanka da almakashi, ya naɗe a guntuwar takarda, ya ja layi ɗaya da biro alamar ƙwaya ɗaya kullum. Babu kwali, babu takardar bayanin da ke cikin kwalin, babu takardar likita, kuma babu tambaya. Ƙwayoyin ketokonazol ne masu miligiram 200. Bai ce mata, “Malama, akwai wani magani da kike sha?” ba, alhali leɓenta a tsattsage suke a gabansa.

Na sani za a ce ita ma ya kamata ta faɗa, kuma na yi mata faɗa a kan haka. Amsar da ta ba ni ita ce, “Baba, na ɗauka wancan na fuska ne, wannan kuma na wuya.” Wannan tunanin yarinya ce da ba ta karanci haɗa magunguna ba, kuma irinsa ne tunanin yawancin waɗanda ke shiga kantin nan safe da yamma. Wanda ya tsaya bayan kanta yana karɓar kuɗin mutane da sunan ya san magani, shi ne wajibin tambaya ya hau kansa, domin an buɗe kantin ne saboda mai saye bai sani ba.

A mako na uku da soma shan ƙwayoyin kantin ta fara tashin zuciya da kasala, abinci ya fita daga ranta, fitsarinta ya koma kamar ruwan shayi. Ranar da mahaifiyarta ta kira ni tsakar gida ta ce in dubi idanun yarinyar a hasken rana, na ga farin idon ya koma rawaya, gabana ya faɗi. 'Yan uwa suka ce shawara ce, a jiƙa mata saiwar rawaya, amma na ƙi, muka nufi asibiti. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ciwon hanta nau'in B, ba a sami komai ba, sai gwajin sinadaran hanta ya nuna sun haura ƙwarai. Likitan da ya duba ta ya ce a kawo masa duk abin da take sha, kuma da aka zube masa kwalin Yawunde da guntuwar takardar kanti a kan tebur, ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, an ɗora wa hanta kaya biyu a lokaci guda.” Nan take ya dakatar da duka biyun.

Bayanin da ya yi mini ya kamata ya zama karatun farko ga duk mai sayar da magani. Hanta ce ke sarrafa isotiretinoyin ta fitar da shi daga jiki, kuma shi kansa yana iya ɗaga sinadaran hanta, shi ya sa ake bin mai shansa da gwajin jini. Ketokonazol na sha kuwa sananne ne wajen cutar da hanta ko da shi kaɗai aka sha, sannan yana danne wani sinadarin hanta da ake kira CYP3A4, wanda yana cikin masu narkar da magunguna da yawa, har da dangin bitamin A. Idan aka danne shi, magani yana iya daɗewa a jini fiye da yadda likita ya ƙiyasta. Takardar bayanin alitiretinoyin, ɗan uwan maganin 'yata da ake bayarwa don cutar fatar hannu, ta faɗi ƙarara cewa ketokonazol yana ƙara yawansa a jini. Fulukonazol da itirakonazol, waɗanda su ma ake sayarwa barkatai, dangin ketokonazol ne kuma suna taɓa irin waɗannan sinadarai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne jin cewa tun watan Yuli na 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar da ketokonazol na sha wajen maganin cututtuka irin su kyasbi, saboda haɗarinsa ga hanta ya rinjayi amfaninsa, kuma a wannan shekarar hukumar Amurka ta taƙaita amfani da shi matuƙa, ta ce kada a ba da shi don cutar fata ko ta farce. Hukuncin bai shafi man shafawa da sabulun wanke kai na ketokonazol ba, domin kaɗan ne ƙwarai ke ratsa fata ya shiga jini, kuma su ne ake fara yi wa kyasbi magani da su. Wato abin da shafawa ta isar masa, shi aka ba 'yata ta haɗiya har mako uku. Shekara fiye da goma da yanke wannan hukunci, ta yaya ƙwayar take kwance a kan kanta a unguwarmu ana yanka ta da almakashi? Ina masu sa ido da ya kamata su zagaya kantunan nan?

Likitan ya ƙara da wani abu da ya shafi matan aure, wanda nake ganin zalunci ne a ɓoye shi. Girisofulbin, maganin makero da ake saye kamar alewa, yana iya rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali, alhali mace mai shan isotiretinoyin dole ne ta kauce wa ɗaukar ciki a duk tsawon shansa da kuma aƙalla wata ɗaya bayan ta daina. Idan mai kanti bai tambaya ba, jaririn da ba a haifa ba ne zai ɗauki sakamakon.

Na koma kantin da takardun gwaji a hannuna. Mai lasisin ba ya nan, kamar kullum, yaron ne dai a zaune, kuma da na nuna masa abin da ya faru sai ya ce, “Baba, ai kowa shi muke ba, ba wanda ya taɓa dawowa da ƙara.” Na tambaye shi ko ya san maganin yana taɓa hanta, ya yi shiru. Na nemi ya kira mini maigidansa, ya ce ya yi tafiya.

Yanzu idanun yarinyar sun washe, alhamdu lillahi, kyasbin ma ya tafi da sabulun wanka da likita ya rubuta. Amma an tsayar da maganin fuskar a tsakiyar hanya, ƙurajen sun fara dawowa, kuɗin jirgi da masauki da gwaje-gwajen Yawunde sun tafi, kuma likitar fata ta ce ba za a yi maganar ci gaba ba sai gwajin hanta ya daidaita sarai. Jiya da na bi ta ƙofar kantin a hanyata ta karɓo sakamakon gwaji na uku, na ga wata mata da goyo a bayanta tana nuna wa yaron wuyanta, shi kuma ya riga ya ɗauko almakashi.