Jinin Haihuwa Tun Daga Tukunya Ake Tara Shi

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa magidanta, musamman ku da aka ɗaura wa aure bara ko bara waccan, yanzu kuma iyali ta fara laulayi. Da ku nake, domin kuɗin cefane daga aljihunku yake fita, kuma abin da kuka shigo da shi gida shi ne zai shiga tukunya.

Mu Hausawa mun iya hidimar haihuwa, amma sai bayan an haihu. Tun ciki yana wata biyar ake fara tarin kuɗin ragon suna, a sayi atamfar fitar suna, a jibge itacen wanka. Da an sauka lafiya sai ga kaji, ga gasasshen nama da yaji, ga ƙauri. Duk wannan alheri ne, Allah Ya saka. To amma me ta ci a wata taran da take gina mutum a cikinta? Koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da miyar da ba ta ga nama ba da dare. Idan ma an sa naman, tsoka biyun nan a kwanon maigida za su sauka, ita ta lashi cokali. Mun ajiye ciyarwar sai bayan an wuce wurin da haɗarin yake.

Jinin mai juna biyu yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi, domin ya wadaci ita da ɗan tayin. Wannan ƙarin ba ya samuwa sai da sinadarin ƙarfe, wato ayon, da furotin mai gina jiki, da folik asid, wani nau'in bitamin. Idan abinci bai kawo su ba, jinin sai ya tsinke. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne, mai ciki da jininta ya gaza 11 (ko 10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki) a gwajin himogulobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, tana da ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan shida cikin goma na mata masu shekarun haihuwa suna fama da wannan matsala. Kowace haihuwa kuwa tana tafiya da jini. Mai isasshen jini ta zubar da rabin lita ta tashi ta sha kununta, wadda ta shiga naƙuda da jininta a ƙasa kuwa wannan rabin litar na iya kai ta ga halaka. Zubar jini na kan gaba cikin abin da ke kashe mata wajen haihuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa. Ajali na Allah ne, babu musu, amma Shi ne kuma Ya umarce mu da riƙo da sababi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin haihuwa da tsakar dare yana buga wa abokai waya ana neman leda biyu ta jini ya san abin da nake faɗi.

Yau idan ka koma gida, ka dubi matarka da kyau. Ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa a hankali. Idan cikin ya yi ja, madalla. Idan ya yi fari fat, tafin hannunta ma ya koɗe, tana haki daga ɗan shara, tana jiri in ta miƙe, zuciyarta na bugawa da sauri, kada ka ce lalaci ne ko shagwaɓar cikin fari. Ku tafi awo.

Na san halin da ake ciki, na san kuɗin kilon nama. Amma mafi yawan abin da jikinta ke nema yana kasuwar unguwarku da araha. Wake a kowace siga, ɗanwake ne, alala ce, ƙosai ne. Awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa. Kwaɗon zogale da rama, miyar alayyafo, yakuwa, kabewa. Busasshen kifi na 'yan kuɗi kaɗan da za a dagargaza a miya. Gero ma ya fi farar shinkafa da taliya amfani nesa ba kusa ba, sai dai mun ɗauke shi abincin ƙauye. Ƙwai ɗaya a rana, dafaffe sosai, bai kai kuɗin datar da kake ƙonawa a Facebook ba. Ganye kuma kada a dafa shi har ya mutu a tsiyaye ruwan a zubar.

Akwai wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba. Shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a raba su da aƙalla awa guda. Abu mai tsami irin lemu, gwaiba, tumatir ko garin ƙwallon kuka kuwa yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Goro da kofi a rage. Nonon fura a tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita.

Sai camfe-camfe, kuma nan ne nake son ku tsaya da ƙafafunku. Ana hana mai ciki ƙwai wai ɗan zai yi sata. Ana ce mata ta rage ci don kada ɗan ya yi girma ya ba ta wahala. Wannan na biyun ya fi cutarwa, domin da fuskar tausayi yake zuwa. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 shi ne wanda sanyi ke saurin kamawa, ya kasa kama nono, ya yi ta jinya. Uwar da aka yunwatar kuma da wane ƙarfi za ta yi nishi? Abin da ke kumbura jariri fiye da kima sau da yawa sukari ne da ya hau ba a sani ba, shi kuwa lemon kwalba da kayan zaƙi ne ke rura shi. Har lemon malt da ake haɗawa da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, sukari ne ya fi yawa a ciki. Kuɗin nan a sayi wake da kifi. Idan mai cewa ta rage ci mahaifiyarka ce, kada ka ɗaga mata murya. Zauna kusa da ita ka ce, “Hajiya, ma'aikaciyar asibiti ce ta ce jininta ya yi ƙasa, ki taimaka mini ki sa ido a kan cin abincinta.” In ka ba ta ragamar, ita ce za ta fi kowa tsanantawa.

Abinci kaɗai ba ya cika gurbin, shi ya sa ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo: ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikurogiram 400, kullum har a haihu. Mata da yawa suna karɓa su cusa ƙarƙashin katifa saboda yana tayar musu da zuciya ko yana mayar da bayan gida baƙi. Baƙin ba illa ba ne, tashin zuciyar kuma yakan ragu in an sha bayan abincin dare. Ka zama kai ne mai miƙa mata da kofin ruwa. Folik asid kuwa tun kafin ciki ya kamata a fara shi, domin laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da ita kanta ba ta tabbatar da cikin ba. Amarya ma tana iya farawa.

Hawan jinin masu ciki, wanda ke kaiwa ga jijjiga, ba a magance shi da miya. Amma inda mutane ba sa samun isasshen sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, ƙara shi yana rage haɗarin, don haka nono da ƙananan kifin da ake ci da ƙashinsu suna da muhimmanci. A sassauta gishiri da kanwa da dunƙulen magi. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki, duk wanda ya bayyana a cikinsu a nufi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko hayaƙi.

Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna cinye jinin da kuke wahalar tarawa. Ta kwana cikin gidan sauro, ta sha maganin rigakafin da ake bayarwa a awo daga wata na huɗu, aƙalla sau uku. Idan ka ga tana kwaɗayin farar ƙasa ko jar ƙasa ko ƙanƙara, sau da yawa alamar ƙarancin ƙarfe ce, a faɗa wa ma'aikaciya. Idan azumi ya riske ta tana jigata, addini ya yi mata rangwame, ku tambayi malami da likita.

Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce zuwa awo sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. Ka raka ta ko da sau biyu ne. Ka tambayi awon jininta nawa ne, hawan jininta nawa ne, ka rubuta a wayarka, in an koma wata mai zuwa ka gwada ka ga ko ya hau ko ya sauka.